Na Gyara Cocin Turawa, Na Rushe Soron Ubana

Plumstead, London.

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sauke ku gida lafiya kai da mahaifiyarka, ya tsare ku daga sharrin hanya, ta sama da ta ƙasa, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka.

Za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da naka shekara ashirin. To, ka san ni, bakina ba ya yi mini aiki a gabanka. Sau uku a makon nan ina shigowa falo da niyyar magana, in tarar kana ɗaure kaya, in ɓuge da tambayarka ko ka yi booking ɗin taksi. Da gangan na rubuta da Hausa, ko da yake na san in ka amsa da Turanci za ka amsa. Inda ta yi maka wuya ka karanta da ƙarfi, kunnenka zai gane abin da idonka bai gane ba.

Kana komawa gida da takardar injiniya a daidai lokacin da kuɗin mai ya sa kowa gini. Kamfanin da ya ɗauke ka ma bai jira sakamakon jarrabawarka ba. Ni ba ni da gida ko gona da zan ce ga naka. Abin da na tara kurakurai ne, su zan zayyana maka yadda suka faru. Ban cika sa rai za su amfane ka ba, don ni ma an yi mini nasiha ban ji ba. Amma in na tafi da su a ciki, ka ga na ƙara wani kuskuren.

Ka san kakanka magini ne a birnin Zariya. Abin da ba ka sani ba shi ne irin maginin, don ban taɓa faɗa maka ba. Shi ne mutumin da ake jira wata biyar, wata shida, in ana son soro mai bakan gizo. Da ƙasa da azara yake ɗaure rufin da mutum talatin za su zauna a ƙarƙashinsa ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Ina yaro nakan bi shi wurin aiki. Da na shiga makarantar midil na fara sa takalmi, sai na fara jin kunyar ƙafarsa, wadda kwaɓin ƙasa ya faffasa kamar ƙasan tafki da rani. Wata rana da hutu yana kan bango ya kira ni.

"Isyaku, hawo ka riƙe mini azarar nan, ka ga yadda ake ɗaure ta."

Na ce, "Baba, wannan ginin ai na mutanen da ne. Nan gaba kaɗan ba mai yin sa."

Ya dube ni daga sama, bai yi fushi ba. Ya ce, "To, je ka yi karatunka." Bai sake kirana kan bango ba har muka rabu.

Bayan 'yan shekaru hukumar En'e ta turo ni nan London in koyi zanen gine-gine, na bar mahaifiyarka da cikinka. Sau biyu ina faɗuwa a lissafi. Aka yanke tallafi, aka aiko takarda in koma gida. Ban koma ba. Da wane ido zan dubi mutumin da na ce wa sana'arsa ta mutu? Mijin matar da nake haya a gidanta ya samo mini leburanci a wata tsohuwar coci da bom ɗin yaƙi ya ɓarke wa rufi, nan kudu da kogin da ya ratsa garin.

Ban taɓa shiga coci ba sai ran nan. Na tsaya bakin ƙofa na karanta duk addu'ar da ta zo bakina, sannan na sa kai. Sanyi da duhu-duhu na fara ji. Da idona ya saba sai na ga ginshiƙan dutse gajeru masu kauri, waɗanda mutum biyu ba za su haɗa hannu su kewaye ɗaya ba. A kansu bakuna ne a jere, kowanne zagayayye kamar rabin faifai, ba mai tsini a sama ba irin na manyan cocin da kake gani a hoto. Tagogin ƙanana ne can sama, bangon kuwa kaurinsa ya fi tsawon hannuna. An sassaƙa gefen bakunan da zane mai hawa da sauka kamar haƙoran zarto. Ga kuma warin ƙasa mai laima. Wallahi abin da ya faɗo mini a rai shi ne soron kakanka. Na ƙetare teku don in guje wa aikinsa, sai ga ni tsaye a cikin ɗan'uwansa. Na zauna a kan wani dutse.

Helumanmu wani tsoho ne mai suna Walta, gajere, hannunsa kamar fartanya. Shi ya gaya mini masana na kiran wannan salon gini Romanesk, wato mai kama da na Rumawa, amma su a nan Ingila ginin Noman suke ce masa. Ya ce wajen shekara ɗari takwas ke nan da ɗora duwatsun, kuma wasu daga Faransa aka kawo su a jirgin ruwa. Ya nuna mini 'yan alamomin da maginan suka karta a jikin dutse, wannan kibiya, wancan tauraro, don a san aikin kowa. Ba wanda ya san sunayensu. Shi ne kuma ya share mini lungu a ɗakin ajiyar kaya ya shimfiɗa buhu, ya ce in lokacin sallata ya yi in tafi, ba sai na tambaya ba.

Wata rana muna shirin sake ɗora wani baka da ya zube. Su a nan sai sun fara kafa katako mai siffar bakan, a jera duwatsu a kai, sai an sa na tsakiya ya kulle sannan a zare katakon. Muna shan shayi na ce masa ubana yana yin baka irin wannan da ƙasa, kuma ba ya kafa komai a ƙarƙashi. Walta ya ajiye kofinsa.

"Ba komai a ƙarƙashi? To me ke riƙe shi kafin ya haɗu?"

Na ce akwai itacen giginya a ciki, azara muke ce masa.

"Guda nawa? Yaya ake jera su? Kwana nawa ake jira kafin a ƙara hawa na gaba? A can sama inda suka haɗu, yaya ake ɗaurewa?"

Na ɗauki alli na fara zane a ƙasa, na goge, na sake, na goge. Ban sani ba. Ko ɗaya ban sani ba.

Ya ce, "Shekara nawa ka yi a gidan mutumin nan?"

Na ce ashirin da ɗaya.

Ya girgiza kai ya ce, "Ni da za a ba ni mako ɗaya tare da shi, da na ba da babban yatsana." Har ya bar duniya, in ya ga na sami wasiƙa daga gida sai ya ce, "Ka tambayo mini?" Ban taɓa tambayowa ba.

Saboda haka ga roƙona na farko. Akwai wani tsoho a unguwarmu, Malam Tanko, wanda ya yi shekara talatin yana gini tare da kakanka. Idonsa ya yi rauni, amma da ransa. A makonka na farko ka saya masa goro ka je. Ka cire takalmi, ka zauna a ƙasa, kada ka ce masa kai injiniya ne. Ka tambaye shi yadda ake ɗaure bakan gizo tun daga tushe har sama, in ya ce kwaɓa ƙasa ka naɗe wando ka kwaɓa. Na san abin da zai faru: kamfani zai ba ka mota da direba, za ka ce sai mako mai zuwa, har ka ji sanarwar rasuwarsa. Haka muke. Amma dai na faɗa maka.

Kuskure na biyu da hannuna na yi shi. Bayan shekara shida na tashi daga lebura na zama magini. Hannuna ya faɗa da dutse, abin da ya ƙi yi da lissafi. Walta kan ce jini ne. A lokacin muna gyaran babbar ƙofar yamma ta wata cocin, ita ma ta zamanin Noman. Bakan ƙofar hawa huɗu ne, ɗaya cikin ɗaya, kuma a hawa na waje an jera kawuna: tsuntsaye masu dogon baki, wata dabba mai cizon wutsiyarta, wani mutum da ya ja bakinsa da yatsu. A cikinsu akwai kan wata mace, bai fi dunƙulen hannu ba, da kitso biyu da 'yar haɓa mai tsini. Duk wanda ya sassaƙa ta ya san ta, don ba a ƙirƙiro irin wannan fuska.

Aka kwantar da Walta a asibiti saboda gwiwa, ya bar mini cike tsakanin duwatsun. Da farar ƙasa da yashi ake yin wannan aiki, kamar yadda masu ginin suka yi tun farko. Amma farar ƙasa ba ta son gaggawa. Sai ka sa kaɗan, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu, ka jira kwanaki. Sanyi ya kusa, ni kuma ina so Walta ya dawo ya tarar na gama, ya san ɗan Afirka ba ya wasa. Sai na kwaɓa siminti. Yini biyu na gama abin da zai ci wata guda. Ya yi kyau, ya yi sumul, har limamin cocin ya fito ya ba ni hannu.

Walta ya dawo da sanda. Ya tsaya gaban ƙofar, ya zaro 'yar wuƙarsa ya karta, wuƙar ta zame.

"Ishak, me ka sa a nan?"

Na faɗa masa. Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya ce dutsen nan mai laushi ne, yana shan ruwa, kuma ta cikin farar ƙasar nan yake fitar da shi. Siminti ya fi shi ƙarfi, ya toshe masa hanya. Ruwan zai zauna a cikin dutsen, in sanyi ya zo ya daskare ya fasa shi daga ciki. Muka yi mako uku muna ƙwaƙule abin da za mu iya, amma duk inda muka ciro siminti sai ya taho da gefen dutse. Dole muka bar sauran.

Bayan shekara bakwai aka sake kiranmu wurin don gyaran indararo. Na iso da safe na tarar da fuskar matar nan a kan matakala, ta ɓare daga kan ta faɗo. Na ɗauka ta marmashe a hannuna kamar busasshiyar fura. Ta tsallake sarakunan da suka sa aka farfasa siffofi a coci-coci, ta tsallake gobara da bom, shekara ɗari takwas, ni na gama da ita a yini biyu. Kada ka ce ai gunki ne. Ban taɓa rusuna wa dutse ba, Allah shaida ne. Amma aikin hannun wani magini ne ɗan'uwana, kuma amana aka ba ni.

Na ji an ce jiragen siminti sun yi cincirindo a bakin tekun Ikko har ba wurin sauke su. Duk wannan simintin a kan wani abu za a zuba shi. Za a kai ka tsofaffin masallatai da soraye a ce ka shafe su da siminti su yi kama da na zamani. Za su yi kyau damina uku, ta huɗu yaɓen ya ɓallo da rabin bangon. In kana gina sabo, yi da simintinka. In ka tarar da tsoho, ka fara tambayar da me aka yi shi, kuma da shi za ka gyara. In mai kuɗi ya ce yana sauri, ka bar masa aikinsa. Na san wannan magana ba ta sayuwa a kasuwar yanzu, za su sami wani ya yi musu kafin ka kai bakin mota.

Na uku ita ce ƙaryar da ta cinye mu duka. Tun shekarar da na faɗi na rubuta gida cewa na ci jarrabawa, na sami aiki a ofishin gine-gine. Na ari kwat na tsaya gaban wani dogon gini wajen Charing Cross aka ɗauke ni hoto, na aika. An ce kakanka ya sa an rataye shi a zaure. Da na sami hali na aiko aka kawo ku, kana da shekara biyar. Mahaifiyarka ba ta yi mako guda ba ta ciro kayan aikina daga ƙarƙashin gado.

Ta ce, "Malam, wannan farar ƙurar fa? A ofis ake samun ta?"

Na gaya mata gaskiya. Sai ta ce, "To ai sana'ar Baba ce. Mene ne abin ɓoyewa?"

Na sa ta ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Da wannan rantsuwa na rufe ta a flat ɗin nan, ɗan gidan hayarmu. Matan ma'aikatan ofishin jakadanci sun yi ta gayyatarta suna da walima, ta daina zuwa don kada a tambaye ta inda mijinta ke aiki ta yi ƙarya. Ni kuma ranar Sallah in an taru nakan ɓoye hannuwana cikin babbar riga, in aka tambaye ni in ce ina harkar gine-gine. Ɗalibi ya faɗi jarrabawa ya koma lebura, a coci kuma! Gani nake in aka ji wannan a Zariya ƙasa za ta tsage.

Kana da shekara tara wasiƙa ta zo da ajami, wani malami maƙwabcinmu ya rubuta wa kakanka. Ga abin da ya ce: ƙarfina ya fara ƙarewa, in kana da hali ka zo kafin damina, akwai soron gida da nake so mu ɗaure tare. Na amsa cewa ofis ba ta ba da hutu. Tsorona ɗaya ne: in ya riƙe hannuna a gaisuwa zai gane, don magini ba ya ɓoyuwa ga magini. Sai yanzu na fahimci cewa da ya gane, murna zai yi. Malam Tanko ne ya taya shi ɗaure soron. Damina biyu bayan haka ya rasu, ina kan bangon wata coci ina goge haƙoran zarto.

Mahaifiyarka kuwa, duk shekara in ta yi zancen gida sai in ce baɗi. Ta binne uwarta da ubanta ta cikin wasiƙa. Ran da takardar aikinka ta zo, tana zuba mini abinci ta ce, "Malam, zan bi yaron nan." Ba izini ta nema ba, faɗa mini ta yi cikin ladabi. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Ka riƙe ta da kyau. Za ta tarar gidan da ta sani babu shi, ƙawayenta sun zama kakanni ba ta ga tasowar 'ya'yansu ba. In ta yi ta surutu ka saurara, shekara ashirin ba ta da abokin hira sai rediyo. Kuma in ka faɗi a wani abu, ka faɗa da bakinka a ranar, tun ƙaryar ba ta yi rassa ba. Kunyar yini ɗaya na guje wa.

Na huɗu shi ne wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyarka. Ka tuna shekara biyu da suka wuce na je gida ni kaɗai, karo na farko. Na dawo na ce muku kowa lafiya. Na tarar baffanka Alhaji Sani, ƙanena, ya sami kwangila, ya je Makka, ya sayi mota. Yana so ya rushe soron da kakanka ya ɗaure na ƙarshe ya ɗora bene na bulo da kwano. Wasu cikin dangi ba su yarda ba. Soron ya tsage ta gefe ɗaya, don tun rasuwar kakanka ba wanda ya sake yi masa yaɓe. Aka taru a zaure, ga hotona da kwat har yanzu a bango, ya yi ja.

Baffanka ya ce, "Gardama ta ƙare, ga injiniya ya zo daga London. Yaya, shiga ka duba, abin da ka ce shi za a yi."

Na shiga ni kaɗai. Bakuna huɗu ne suka taso daga bango suka haɗu a tsakiya, irin da magina ke kira ɗaurin guga, an bi su da zane an shafe da makuba. Na ga manyan gine-gine a ƙasar nan, na je har arewacin Ingila na ga cocin da ake zuwa kallo daga ko'ina, amma ban ga inda aka yi abu mai yawa da abu kaɗan kamar a ɗakin nan ba. Na sa hannu cikin tsagar. Shekara ashirin ina sa hannu a tsagar tsohon bango, na san wadda ke kisa da wadda ba ta yi. Wannan ta fata ce kawai. Indararo ne ya toshe, ruwa ya kwanta. Aikin mako biyu ne.

Amma in na faɗi haka, sai an ce to yaya za a yi, sai na tuɓe riga na hau, sai na tambayi Malam Tanko a gaban jama'a abin da ban sani ba. Sai baffanka ya yi dariya ya ce wannan ne abin da aka koyo a Turai. Na fito na karkaɗe hannu na ce, "Ya gama aiki. Hatsari ne a bar shi."

Malam Tanko yana zaune a bakin ƙofa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, da dai ka sake dubawa."

Na ce, "Na duba."

Ya ce, "To. Ku kuka yi karatu." Ya lalubi sandarsa ya fita. Mutumin da ya goya ni ina yaro, shi ne ya ce mini ranka ya daɗe.

Kwana huɗu lebura takwas suna dukan soron da diga. Bakunan suka ƙi faɗuwa, sai da aka ɗaura igiya a motar baffanka aka ja. An ce azarar ta fito garau kamar jiya aka sa ta, mata suka kwashe suka yi girki. An ce, domin ban je ba. Da na je da na ga ɗaurin da idona. Ina falon baffanka a ƙarƙashin fanka, ana ba ni lemo mai sanyi, ina jin kowane bugu.

Takardar da ke cikin jakarka za ta sa maganarka ta fi iliminka nauyi. Dattawan da suka fi ka sani za su yi shiru in ka buɗe baki. Wannan ba girma ba ne, wuƙa ce aka ba ka. Ka koyi cewa ban sani ba, ka faɗe ta a gaban jama'a, da ƙarfi. In kuma ka sani, kada tsoron dariya ya sa ka faɗi akasinsa. In ka je wurin Malam Tanko ka ce masa na ce ya yafe mini, tsagar ta fata ce, shi ke da gaskiya. In dangi suka tambaye ka aikina, ka ce magini ne, a coci yake aiki, bai taɓa cin jarrabawa ba. Ka sauke hoton nan in yana nan. Na sauke wa mahaifiyarka rantsuwarta.

Na ce muku zan biyo ku in na gama aikin da ke hannuna. Ba zan biyo ku ba. Tarin nan da kuke ji ba mura ba ce. An ɗauki hoton ƙirjina, likita ya ce ƙurar dutse ce ta taru a huhu, kuma ba ta fita. Yanzu sai na huta sau biyu kafin in hau matakalar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Bai faɗi lokaci ba, ni ma ban tambaya ba. Council, wato hukumar unguwa mai gidan, ta ce zan iya ci gaba da zama a flat ɗin. Kada ka gaya wa mahaifiyarka sai ta zauna ta huta, don in ta ji za ta ce ta fasa, ni kuwa na riga na ci mata shekarun da suka isa. Kada kuma ka bar aikinka ka dawo. Akwai 'yan'uwa Musulmi a Woolwich da suka san ni, za su yi abin da ya kamata.

Saura ɗaya, kuma ita ta fi yi mini wuyar rubutawa. Kai ɗan fari ne, kuma Allah bai ba mu wani ba. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya yabonsa. A Zariya wannan ba komai ba ne, don akwai kaka da baffa da gwaggo da za su ɗauke ka su yi ta kiran sunanka. Ni na ɗauko al'adar na kawo ta inda ba kowa sai mu uku. Ka tashi kana ganin iyayen abokanka suna rungumarsu a bakin makaranta, naka kuwa yana ce maka kai.

Kana da shekara goma sha huɗu malamin tarihinku ya kawo ajinku cocin da nake aiki. Ina can sama a kan katako, fari fat da ƙura, da guduma a hannu. Na ji yana nuna muku bakunan yana bayani. Na leƙo, sai ga ka cikin yaran Turawa da jakarka a kafaɗa. Ka ɗaga kai, ka ɗaga hannu, har ka buɗe baki. Na juya fuskata ga bango na ci gaba da bugu. A raina cewa na yi kada a yi maka dariya a makaranta, a ce babanka lebura ne. Da yamma ka dawo ka ci abinci ka shiga ɗaki. Daga ranar ka daina ba ni labarin makaranta.

Na gan ka. Tun kuna shigowa ta ƙofa na gane tafiyarka. Na ji lokacin da malamin ya tambayi abin da ke hana baka faɗuwa, na ji kai ka amsa, kuma daidai ka amsa. Na so in sauko in ce wa kowa wannan nawa ne. Ban sauko ba. Ka yafe mini.

Allah ya yi maka albarka, Haruna. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kiyaye ka daga sharrin dukiya da sharrin masu ita, ya sa hannunka ya zama mai gyara. Allah ya ba ka 'ya'yan da za ka kira sunansu tun suna jinka. Ka gaida duk wanda ya tambaye ni. In Allah ya sa da rabon ganawa, to. In babu, ka riƙa sa ni a addu'a.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Isyaku magini.